Janairun 2012 a Kano

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur. Litar da muke saye naira 65 ta haura naira 140, nan da nan 'yan acaɓa da masu hayis suka ninka kuɗinsu, 'yan uwan da suka tafi gida hutu suka rasa na dawowa.

A Kano shataletalen Silver Jubilee muka yi wa tsinke, matasa suka raɗa masa Dandalin 'Yanci. Akwai ɗalibai da lauyoyi, akwai 'yan kasuwar Kwari da na Sabon Gari, wasu da tabarminsu domin kwana suka zo yi. Da idona na ga Kiristoci sun riƙe hannun juna sun kewaye mu muna sallah, a garin da aka sha zubar da jini da sunan addini. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Da tsakar dare aka tarwatsa masu kwana da barkonon tsohuwa, amma da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata sai garin ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa. A ranar an rasa rayuka.

Tsadar mai ce ta fito da mu, amma a dandalin maganar ta girma. Mai shayi ma tambayarsa ita ce: wannan kuɗin tallafin, hannun wa yake shiga? Me ya hana matatar Kaduna aiki? A ganina wannan tambayar ta fi farashin naira 97 kan kowace lita da aka tsayar ranar 16 ga wata daraja, domin ita ta tilasta wa Majalisar Wakilai kafa kwamitin Farouk Lawan, wanda ya bankaɗo kamfanonin da suka karɓi biliyoyi ba su shigo da ko ɗigon mai ba.

Ba mu samu sukunin bin sawun binciken ba. Ranar Juma'a 20 ga wata bama-baman Boko Haram suka tashi a Kano, mutum sama da 150 suka rasu, aka sa dokar hana fita, taro ya zama abin tsoro. Shi kuwa shugaban kwamitin, ɗan jiharmu da muka yi ta yaba wa, a 2021 kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hancin dala 500,000 a cikin wannan binciken.