Mai Fito Ya Dubi Gabas

Bayan azahar kaɗan muka gangaro mashigi ta ƙasan Zauro, a makon ƙarshe na watan Agusta. Gulbi ya cika ya batse, ya haɗe da fadama, ba ka gane inda gonar wani ta tsaya ta wani ta soma sai da kan sandunan da aka kakkafa. Mu goma sha ɗaya ne masu jiran fito, ga babur biyu, buhun taki uku, da wata tsohuwa riƙe da igiyar akuya. Jirgin na ɗaure jikin turke, mai shi na tsugune a ciki yana kwarfe ruwa da yankakken galan. Ya amsa sallamarmu bai ɗago ba. Da ya tashi ɗagowa kuwa, gabas ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya koma kan kwarfarsa.

Ni dai ban ga komai a gabas ɗin ba. Rana na dukan ƙeya, zufa ta jiƙe mana riguna. Wani saurayi mai babur ya ƙosa.

"Baba, mu tafi mana, lokaci na ƙurewa."

"Ku dakata tukuna. Hadarin ga bai yi mani ba."

"Wane hadari kuma, Baba? Ga rana nan ƙwal."

"Ɗana, iska ta ɗauke. Ba ka ji ba?"

Sai a lokacin na lura. Iskar damina da ke kaɗowa daga kudu maso yamma tun safe ta tsaya cak. Ganyen shinkafar da ya ɗago kai saman ruwa ya daina rausaya. Ruwan ya kwanta lumui kamar an zuba mai a faranti. Can ƙasa-ƙasa, inda sama ta taɓa bishiyoyi, akwai wani siririn layi mai launin shuni, wanda in ba nuna maka aka yi ba za ka ɗauka hayaƙi ne. Balbelu na wucewa a jere dab da ruwa. Muka koma gindin wata bishiya muka zauna, kowa da abin da ke cin ransa.

A zaman nan ne ɗan ƙanena, wanda ya rako ni, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani jirgin ruwa ne yana barin tashar Miyami ta Amurka, hawa ashirin, tsawonsa mita 365, yana ɗaukar fasinja fiye da dubu bakwai. Wai mutane ba wani gari za su ba, shawagin ne kawai abin biya: a kwana bakwai ana zaga tsibiran Karibiyan, a ci, a sha, a yi wanka a tafkin da aka gina a saman jirgi, a dawo inda aka tashi. Abin da ya ba yaron mamaki shi ne kuɗin kujera na faɗuwa a watannin Satumba da Oktoba, mutane kuma na rububin saye, alhali lokacin ne na mahaukaciyar guguwar teku. Ya ce, "Baba, ka ji masu neman rigima da kuɗinsu."

Na daɗe ina juya maganar, domin akwai zaren da ya ɗaure wancan jirgi da wannan kwalekwale da ke gabanmu, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Lokacin guguwa a tekun Atalantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, tsananinsa kuma wajen 10 ga Satumba, wato daidai sa'ad da marka ta gama jiƙa ƙasarmu, gulbin Rima ya kai maƙura. Ba dacewa aka yi ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Masana yanayi sun bi sawunsa: wata irin taguwar iska ce ke tasowa daga wajen Sudan da tsaunukan Habasha, duk bayan kwana uku zuwa biyar, ta keto Chadi, ta bi ta kanmu da Nijar da Mali tana tara hadari tana zubarwa, har ta fita teku ta gaɓar Senegal. Mafi yawa a nan suke mutuwa. Amma idan ɗaya ta tarar da ruwan teku da ɗumi, sama da digiri 26, sai ta soma juyawa tana shan tururi tana ƙiba. In gudun iskarta ya kai kilomita 119 a sa'a, ta zama abin da duniya ke tsoro, mai suna irin na mutane, ana bin ta da tauraron ɗan'adam dare da rana. Galibin manyan guguwowin da ke rushe gidaje a Karibiyan da Amurka daga irin wannan taguwa ta Afirka suka samo asali. Ke nan siririn layin shunin da mai fito ke harara, mai yiwuwa ne bayan mako biyu a ji labarin danginsa a rediyo.

Abin da ya sa masu yawon buɗe ido ke shiga jirgi da kwanciyar hankali a irin wannan lokaci shi ne matuƙin yana da ikon cewa a'a. Yana ganin guguwa tun tana da nisan kwanaki, jirginsa ya fi ta sauri, sai ya kauce. Wanda ya biya don ganin Jamaika yana iya farkawa ya gan shi a gaɓar Meziko, kuma tun a takardar sayen kujera an rubuta cewa kamfani na da damar sauya hanya. Fasinja zai yi gunaguni, amma ba mai hawa ɗakin tuƙi ya ce sai an bi ta cikin hadari domin shi yana sauri. Ko a can ma ba kullum ake tsira ba. A watan Oktoban 1998 wani jirgin shawagi mai suna Fantome ya sauke fasinjojinsa a Beliz don gudun guguwar Mitch, ma'aikata suka fita da shi teku da niyyar kauce mata, ta rutsa da su kusa da Honduras. Mutum 31 ne a ciki, ba a ga ko ɗaya ba. Masu hutu sun koma gida, masu neman abinci suka tafi da jirgin. Wannan ya tsaya mini a rai.

Mu a nan duka masu neman abinci ne, da mai jirgin da na cikinsa. Ba wanda ya zaɓi Agusta don araha. Gona ce a ƙetare, taki kuma ba ya jiran kaka. Mutane sun ga dalar shinkafar da aka jera a Zauro a watan Maris na 2021, an ɗauki hotuna an watsa ko'ina, amma kaɗan ne suka tambayi yadda manomi ke isa gonarsa in fadama ta zama teku. Tun 1969 ake maganar aikin madatsar fadamar Zauro da zai killace hekta fiye da dubu goma tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, aka shekara da shekaru abin da ke ƙasa bai wuce ɗan gwaji ba. Don haka jirgin katako da gwangwala da filafili su ne hanyar, kamar yadda suke tun zamanin Sarkin Kabi Kanta.

Ruwan kansa ba namu ba ne mu kaɗai. Wanda aka yi a Katsina da Maraɗi da Zamfara duk nan yake gangarowa, ta Gulbin Maraɗi da Gagare da Bunsuru, ya taru a madatsar Goronyo, wani ya biyo ta Bakolori. Sai ka kwana sama garau, ka tashi ka tarar ruwa ya cinye turken da ka ɗaure jirgi jiya. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta 2020 ba sa buƙatar a yi musu bayani. Mai fito yana karanta wannan ma: launin ruwa in ya koma ja, kumfa da karmami da ke tahowa, yadda igiya ke jan turke.

Ilimi ne babba, kuma ban ga ana ba shi girmansa ba sai ranar biki. Duk duniya ta san bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. A gulbin Matan Fada ana tafa wa Kabawa, ana kallon tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa, Sarkin Ruwa na gaba. Sai dai bikin na rani ne, lokacin da ruwa ya ja baya ya yi laushi. Gwanintar gaske tana nan cikin marka, a mashigin da ba kyamara, kuma yawancinta ba a tuƙi take ba. Tana cikin sanin lokacin da ba a kwance igiya.

Ku dubi abin da "ku dakata" ke ci wa mutumin nan. Sawu guda ya tafi, kuɗin cefanen gidansa ke nan. In akwai wani jirgi a kusa, na yaro mai zafin jini, fasinja za su kwashe su koma can, gobe kuma a ce tsoho ya soma tsoro. Na sha jin ana faɗa wa masu fito, "Kai dai tuƙa, kwana in ya ƙare ko a kan gado ne." Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma wanda ya ba mu ran ya ba mu ido, ya kuma hore mana mutumin da ya shekara arba'in yana kallon gulbin nan. Mu fasinja mu ne ke matsa lamba a ƙara buhu ɗaya, a ƙara babur ɗaya, har tsakanin bakin jirgi da ruwa ya rage yatsu huɗu. A kwantaccen ruwa yatsu huɗu na kai mutum ƙetare. Iska kaɗan ta taso, taguwa ta farko ta shigo, mata su zabura gefe guda, babur ya zame, shi ke nan. Waɗanda ke tsakiyar jirgi kuwa, mata da yara da tsofaffi, su ne ba su iya ruwa ba.

Jihar nan tamu ta Kebbi ta ɗanɗana. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da mutum sama da 150, ya rabe a tsakiyar kogin Kwara. Kimanin ashirin aka ceto. Hukumomi sun ce tsufa ne da yawan lodi. A watan Agustan 2025 wani ya kife da 'yan kasuwa sama da hamsin a hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo, a kan wannan gulbi namu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa rigar ruwa, akan kuma raba rigunan bayan kowane babban rashi. A mashiginmu ran nan ban ga ko ɗaya ba. Abin da na gani shi ne galan biyu da aka toshe bakinsu aka ɗaure da igiya a ƙarƙashin mazauni, dabarar mai jirgin ce ta kansa.

Ba a yi rabin sa'a ba cida ta soma, can ƙasa kamar ana mirgina turmi. Layin shunin ya taso ya zama bango, ƙasansa baƙi ƙirin, samansa fari kamar auduga. Wata iska mai sanyi ta bugo mu da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, akuyar tsohuwa ta hau kuka. Mai fito ya yi tsalle ya faɗa ruwa iya cinya, ya ja jirgin ya cusa cikin ciyawa, ya ƙara masa igiya ta biyu. Kafin ya fito iskar ta iso da ƙarfinta. Ruwan da ke kwance ɗazu ya tashi tsaye, taguwa na bin taguwa da farin kumfa a ka, shinkafa ta kwanta gaba ɗaya ta fuskanci yamma. Muka ruga wata rumfar kara, muka lulluɓe takin da leda, ruwa na shigowa ta gefe kamar ana watsa tsakuwa. Na yi lissafi a zuci: da mun tashi sa'ad da saurayin nan ya so, da yanzu muna tsakiyar fadama, inda gwangwala ba ta taɓa ƙasa.

Ba wanda ya yi magana. Saurayin na tsaye a bakin rumfa, rigarsa ta manne a jiki, yana kallon inda da muke. Tsohuwar ce kawai ke ta salati a hankali.

Da aka ɗauke, muka yi la'asar a kan tudu. Mai fito ya sake kwarfe jirginsa tas, ya duba toshin tsumman da ke tsakanin katakai da babban yatsa, sannan ya ce babur ɗaya zai ɗauka, ɗayan ya jira sawu na biyu. Wannan karon ba wanda ya yi musu. Saurayin da kansa ya ce, "Baba, a fara da su Inna, ni na jira." Muka ƙetare cikin ruwa mai sanyi, kainuwa na gogar gefen jirgi, yamma ta yi baƙi da hadarin da ya wuce mu ya nufi Dosso. Da muka sauka na ba shi kuɗin fito na ƙara masa na sawun da ya rasa. Ya dube ni, ya ce, "Malam, na mi ne wanga?" Na ce na jira ne. Ya yi murmushi ya soke a aljihu, ya juya jirgi don ɗauko saurayin tun da sauran haske.

Mai karatu, in tafiya ta kai ka mashigi a daminar bana, ko a Zauro ko a Argungu ko a Yawuri, ka ga mai fito ya dubi gabas ya ce a dakata, don Allah ka nemi wuri ka zauna, ka hana na kusa da kai yi masa gori. In ya ce lodi ya isa, ka sauke buhunka. In kana da hali, ka biya shi sawun da ya bari saboda kai.