Yadda NEPA ta koya min ajiye aiki



Furojet ɗina wani lissafi ne da yake cin wajen awa ashirin kafin ya gama. Na sa shi a cikin kwantena a Linux, wato ɗan keɓaɓɓen ɗaki da manhaja ke aiki a ciki da kayanta. Matsalar ita ce batirin laftof ɗina ko minti arba'in ba ya yi. Ranar wata Laraba yana awa na goma sha huɗu aka ɗauke wuta a hostal. Ina ji ina gani ta mutu. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba, ga malamina ya ce Litinin yake son sakamako.

Wani abokina Bayarabe ne ya nuna min CRIU. Abin da take yi shi ne ta daskarar da manhajar tana tsaka da aiki, ta kwashe duk abin da ke ƙwaƙwalwarta da bayanan fayilolin da ta buɗe, ta rubuta a faifai. In ka dawo, sai ta ɗora daga daidai inda ta tsaya. A Podman umarni biyu ne: podman container checkpoint da podman container restore, amma sai da izinin root. Docker ma yana da shi, sai dai a matakin gwaji yake.

Ga inda na yi kuskure. Na ajiye, na bar aikin yana ci gaba da rubutu a wani fayil da ke wajen kwantenar. Da wuta ta sake tafiya na zo tayarwa, CRIU ta ƙi, saboda girman fayil ɗin ya canza daga yadda ta san shi. Awa shida suka sake tafiya a banza.

Daga nan na koma tsayar da shi gaba ɗaya. Fanka na tsayawa, sai in ajiye, in kashe laftof, in tafi masallaci hankali kwance. Sau biyar na yi haka, daren Lahadi ya kammala, Alhamdulillah.

Shawarata: ku gwada ajiyewa da tayarwa tun aikin yana minti biyar, kar ku bari sai wuta ta tafi. Allah Ya ba mu sa'ar difens.