Daura a Bazara: Wa Zai Ba Itacen Ruwa Bayan Tauraro Ya Tafi?

Mun shiga Daura ana kiran sallar la'asar, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa kamar da gayya. Daga Kano muka taso, muka bi ta Ɗambatta da Kazaure, ni da 'yata mai shekara 11. Tun da muka baro Kazaure ta manna fuska a gilashin mota tana kallon gonaki fayau, ba kara ba ciyawa, sai rairayi da awaki suna rububin inuwa. Can sai ta juyo ta ce, "Baba, wai ina katangar take?"

Katangar da take nema ita ce ta itatuwa, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, da nufin a jera dashe daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000, don a tare hamada. Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman a kan aikin a 2015, kuma Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma yarinyar ba a littafin makaranta ta san wannan ba. A wayar mahaifiyarta ta ga wani yanki na fim ɗin da ya fito a 2019, inda mawaƙiyar nan 'yar ƙasar Mali, Inna Modja, ta ratso Senegal da Mali da Nijeriya da Nijar har Habasha, tana waƙa tana zantawa da mutanen da ke zaune a bakin hamada. Tun daga ranar take damun mu a gida da zancen dashen itace. Abin da na yi shekaru ina faɗa bai shiga ba, mawaƙiya ta faɗa sau ɗaya ya zauna. Na yarda, taurari suna da wata hanya ta shiga zuciyar yaro wadda iyaye ba su da ita.

A gidan Kawuna muka sauka, a cikin tsohon gari. Dattijo ne da ya yi aikin malanta har ya yi ritaya, ya koma gonarsa. Da ganin yarinyar ya fara tsokana irin ta kaka da jika.

"Amarya, kin zo ke nan ko kuwa leƙo ni kika yi ki gudu?"

"Kaka, ni katangar itatuwa na zo gani."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ta bari gari ya waye, zai kai ta ta ga abin da ya fi katanga.

Da safe Kusugu ya fara kai mu. Duk baƙon da ya zo Daura nan ake soma kai shi, kuma rijiyar tana nan cikin ginin da aka yi mata, ana ɗebo wa mai ziyara ruwa ya sha. Kowa ya san labarin yadda gargajiya ta kawo shi: baƙo Bayajida ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. Ya tafi da dare ya kashe shi, sarauniya Daurama ta aure shi, daga zuriyarsu aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Yarinyar ta saurara da kyau, ta sha ruwan, ta ce akwai sanyi.

Da muka fito Kawu ya tsaya a inuwar wata darbejiya yana gyara rawani. Ya ce da ita, "Kin ji sunan wanda ya kashe macijin, ko? To, faɗa mini sunan wadda ta zo da guga washegari, da wadda ta zo jibi." Ta yi shiru. Ya ce, "Dare ɗaya ya yi aikinsa. Su kuwa masu guga har yau ba su huta ba."

Ban gane inda ya dosa ba sai da muka je wata makarantar firamare da ke bayan gari, inda jikansa, autan gidan, yake aji biyar. A daminar bara, in ji yaron, an yi gagarumin taron dashen itatuwa a nan. An kafa rumfuna, an kawo lasifika, an raba wa yara riguna da huluna, har an gayyato wani mawaƙi da suke ji a waya ya zo ya dasa na farko da hannunsa. Yaron yana ba da labarin idonsa na ƙyalli, bai manta ko kalar takalmin mawaƙin ba. Sai ya zagaya da mu bayan azuzuwa ya nuna mana wurin. Layi ne na ramuka, kowanne da ɗan busasshen tsinke a tsakiya, wasu ma tsinken babu. A can ƙarshe guda uku ne kawai ke da ganye, an kewaye su da ƙayar magarya da tsofaffin tubala.

Ba wani asiri a cikin abin da ya faru. Damina a wannan yanki wata uku ce zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa ko ɗigo. Dashen da aka sa a ƙasa a watan Agusta bai gama kafa saiwa ba ruwa zai ɗauke. Da an kawar da amfanin gona sai a saki dabbobi, akuya kuwa ba ta san bambancin dashen gwamnati da ciyawar bakin hanya ba. Wanda ya tsira daga bakinta sai ya haɗu da iskar hunturu, sannan gara, sannan zafin Maris da Afrilu, ga kuma hutun makaranta da ba kowa a harabar. A garin da magidanci ke sayen jarkar ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, ba kowa zai ɗauki bokiti ya kai wa itacen da ba nasa ba.

Na tambayi yaron yadda ukun nan suka rayu. Ya ce ɗaya nasa ne, biyu na abokansa. Maigadin makarantar, wani tsoho, shi ya ce musu su saro ƙaya su yi shinge, su barbaɗa toka a gindin saboda gara, kuma kowa ya riƙa zuwa da ruwa a gorar roba kullum da safe. Da aka yi hutu sai tsohon ya mayar da wurin alwalarsa gindin dashen, yau wannan gobe wancan. Ba a ba shi riga ba ranar taro, kuma ba ya cikin hoton.

Wannan matsala ba ta Daura kaɗai ba ce. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga cikin hekta miliyan 100 da ake burin farfaɗowa kafin 2030 a shirin katangar nan, kusan miliyan 4 kawai aka cimma a yankin da aka shata. Dasawa ba ta da wuya. Rainon ne ake gudu.

Da yamma Kawu ya ce mu bi hanyar Mai'aduwa, wadda ta miƙe arewa zuwa Kongolam, kan iyaka da Nijar. Gonarsa tana gefen hanyar. Tun daga nesa ta bambanta da na maƙwabta: gawo ne tsaye nan da can, kore shar a tsakiyar bazara, tumaki na kwance a ƙarƙashi suna tsintar 'ya'yan da suka zubo. Yarinyar ta tambaya ko shi ya dasa su.

"Ko ɗaya ban dasa ba, Amarya. Ƙyale su kawai na yi."

Gawo itace ne mai halin kansa. Da damina, lokacin da kowane itace ke tofo, shi sai ya kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen da ya zubar ya zama taki, shi ya sa manomi zai nuna maka cewa zangarniyar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta fili cika. Da rani kuma sai ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da abinci. Kawu ya tsuguna ya nuna mata wani ɗan kututture da ya yi tofo barkatai. Ya ce a da, da an zo sharar gona sai a sare wannan a ƙone. Yanzu sai mutum ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa tun shekaru, ba ta jiran bokitin kowa.

A wajen 'yan'uwansa na ƙetaren iyaka ya ga wannan dabara, wadda a can suke kira sassabin zamani. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun koma kare tohon da ke fitowa da kansa a gonakinsu. A Maraɗi wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa ta tun daga 1983, a wajajen Magarya da Matamaye kuwa, waɗanda ke maƙwabtaka da ƙasar Daura, gawo ya sake cika gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, itatuwa kimanin miliyan 200. Ba taro, ba lasifika. Ƙasa ɗaya ce da ta Daura, rairayi ɗaya, harshe ɗaya, kuma yaron da ya iya riƙe lauje zai iya koyon aikin cikin yini guda.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a sallami taurari. Da ba don mawaƙiyar Mali ba, da 'yata ba ta tambayi katanga ba. Da ba don mawaƙin da ya zo makarantar ba, da autan Kawu bai ɗauki dashen a matsayin abin alfahari ba har ya jure ɗaukar gora wata takwas. Tambayar ita ce me za a roƙi tauraron ya faɗa, kuma wa za a sa a gaba.

Akwai misali daga Jamus da ya burge ni. A 2007 wani yaro ɗan shekara 9, Felix Finkbeiner, ya yi jawabi a ajinsu bayan ya karanta labarin Wangari Maathai, 'yar Kenya da ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004 saboda aikin dashen itatuwa da mata. Ya ce yara su dasa itace miliyan ɗaya a kowace ƙasa. Ƙungiyar da ta fito daga nan, Plant-for-the-Planet, ta yi amfani da shahararrun mutane, amma ta wata fuska dabam: a hotunan kamfen ɗin yaro ne ke sa hannu ya toshe bakin babban mutum, irin su ɗan wasan fim Harrison Ford da Yarima Albert na Monako, alamar surutu ya isa, a kama aiki. Tauraron ya ba da aron fuskarsa, amma yaron ne mai magana.

Da za a ji tawa, da 'yan wasan Kannywood da mawaƙanmu da ake gayyata irin wannan taro sun sa sharaɗi guda: ba za su zo ranar dasawa ba sai an yarda za su dawo a watan Afrilu. Ranar nan su zagaya su ƙirga abin da ya rayu, su kira yaron da nasa ke da ganye su ɗauki hoto da shi, su kira maigadi su gaishe shi a gaban jama'a. A rage yawan dashen, a ba kowane yaro ɗaya da sunansa a jiki, a dasa kusa da inda ake alwala ko wanke-wanke. A kai yara gona su koyi gyaran toho kamar yadda ake kai su Kusugu. Daura ma ba ta rasa nata masu faɗa a ji ba. Yaran da ke cika tituna ranar hawan Sallar Gani don su ga Mai Martaba Sarki Umar Faruk Umar da hakimansa a kan dawakai, da za su ji daga fada cewa dagaci zai zo duba itacen kowa kafin faɗuwar damina, da an ga bambanci. Malaman allo da na Islamiyya kuma sun daɗe suna karantar da cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga itacen da ka dasa sadaka ce gare ka. Saura a haɗa wannan karatu da buta.

Ranar da za mu koma, autan Kawu ya kawo wa 'yata ɗan dashen zogale a cikin ledar ruwa da aka yanke wa baki. Ta karɓa da hannu biyu. Kawu ya raka mu har bakin mota yana dogara sanda.

"Amarya, ba na son hoto ranar da kika dasa. Ki bari sai bazara mai zuwa, in yana da ganye, sannan ki turo mini."

Yanzu zogalen yana bayan ɗakin girkinmu a Kano, an kewaye shi da tsohon kwando saboda akuyar maƙwabta. Ta kafa doka a gidan cewa kowa a gindinsa zai yi alwala, har ni. Jiya na manta na yi tawa a bakin famfo, kuma na sha faɗa.