Mace Ɗaya, Suna Huɗu

'Yan'uwana mata, ku ƙidaya sunayenku. Ga na yanka, ga laƙabin da kaka ta sa, ga sunan uba na makaranta, bayan aure kuma a liƙa na miji. A nan unguwarmu Kwangila, in kin kira Hauwa, mata biyar za su waiwayo.

A da, in katin asibiti ya ɓace, akawu yakan buɗe babban littafi ya bi layin suna kaɗai, shafi bayan shafi, ke kuwa ga yaro goye da zazzaɓi. Littafin nan gida-gida aka tsaga shi: gidan suna, na uba, na unguwa, na shekaru. Haka kwamfuta ma take ajiye mu, sai dai ita tana iya leƙa gidajen duka lokaci guda. Akawu ya rubuta kalma a akwati ɗaya a shafin intanet, sai ta kawo duk wadda kalmar ta fito a ɗaya daga gidajenta.

Amma fa akwai wuyar sha'ani. In ya rubuta "Sabo", za ta kawo 'yar Malam Sabo, ta haɗo da dukan mutanen Sabon Gari. In ya ce "Tudun Wada" kuwa, ai Kano da Kaduna ma suna da tasu. Saboda haka akawu mai wayo yakan ce mata lalle sai suna da unguwa da shekarar haihuwa sun dace gaba ɗaya, sa'an nan mutum ɗari su koma biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutu. Sau da yawa na'urar ba ta san A'isha da Aishatu mutum ɗaya ba ce, ko Ɗanladi da Danladi. Na ga wata maƙwabciyata ta yini a layi saboda harafi guda. Don haka ku zaɓi rubutu ɗaya ku riƙe, ku kuma ajiye lambarku ta NIN mai alƙaluma 11, don ba a ba mutum biyu iri ɗaya. Ku 'yan makaranta musamman, a da ba haka ake ba, amma tun 2021 hukumar JAMB ba ta rajistar ɗaliba sai da wannan lamba.