Salsalar Dakarun Bariki

A darasinmu na aron kalmomi mun sha nazarin irin su kurtu da kofur da samanja da hafsa. Su ne suka sa na bi sawun rundunar da ta haife su, sai na tarar ita ma tana da salsala kamar gidan sarauta.

Tushenta Ikko ne. A 1863 wani hafsan jirgin ruwa na Ingila, John Glover, ya tara mutum 18, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Da yawa daga cikin na farkon nan bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Watau sunan Hausa ya shiga littafin soja ne ta hannun mutanen da ƙasar Hausa ta sayar. Wannan magana ta tsaya mini a rai ƙwarai.

Daga baya rassa suka yawaita. Kamfanin Neja ya kafa dakarunsa a 1886, sa'an nan a 1897 aka ɗora wa Lugga haɗa rundunar Afirka ta Yamma. A 1900 aka sami Rundunar Arewa da ta Kudu. Ta Arewan nan ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903, har ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Turawa tsiraru ne a cikinta. Masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, kuma da Hausa ake ba su umarni.

A 1914 aka gama biyun suka zama Rundunar Nijeriya. Ita ce ta je Kamaru, ta je Habasha, ta je Bama. Kakana yana cikin na Bama, kuma har ya rasu bai yarda a taɓa mutuncin bataliyarsa ba. Da Sarauniya ta zo a 1956 aka liƙa wa rundunar sunanta, a 1963 aka kankare duk wani suna na sarautar Ingila, ta zama Sojan Nijeriya.

To, mai karatu, ina za mu ajiye wannan salsala? Wasu abokaina sun ce ta 'yan mulkin mallaka ce, ba ruwanmu. Ni dai ban ga yadda za mu karɓi samanja cikin ƙamus, mu kori mai igiyar daga tarihi ba. Wanda ya harba a Burmi da wanda aka harba harshensu ɗaya, kuma a ajinmu akwai jikokin kowannensu.