Kwana a Dajin Allah: Mafara, Bakura da Maradun

Masu karatu, a wannan wata za mu leƙa yammacin Jihar Zamfara. In ka bar Gusau ka nufi Sakkwato, ka wuce Bunguɗu da Maru, za ka ga duwatsu suna biye da kai, waɗansu a bakin hanya, waɗansu can nesa sun yi shuɗi-shuɗi. Daga nan sai ƙasa ta fara shimfiɗewa har ka iso Talata Mafara, garin da ya ɗauki sunan ranar kasuwarsa. Gabas da shi ga Maradun, arewa maso yamma kuwa ga Bakura. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, shi ne ya ratsa ƙasar ya ɗaure su wuri ɗaya.

Garuruwan uku ba ƙanana ba ne. Kowannensu yana da sarkinsa: Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun. Tun da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996, kowannensu ya ba da gwamna: Ahmad Sani daga Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari daga Mafara a 2011, Bello Matawalle daga Maradun a 2019. Amma ba zancen sarauta ya kawo mu ba. Abin da muke so mu duba shi ne dajin da ke tsakanin garuruwan nan, da tuddansa da gindin duwatsunsa, inda dā mutum yakan sauke kayansa ya kwana, ba wanda zai ce ya biya ko anini.

Ƙasa iri uku

Mutanen dā sun kasa ƙasa kashi uku. Akwai gona, wadda kowa ya san mai ita da iyakarta. Akwai hurumi, wato filin da ke kewaye da gari, na dukan gari, inda awaki da jakuna ke kiwo. Sa'an nan akwai daji, wanda ake ce da shi dajin Allah, gama ba na mutum ɗaya ba ne. A can mace takan yi itace, yaro ya tsinko magarya da kanya da aduwa, magidanci ya yanko gamba don zana da jinka, mai amya ya ɗora amyarsa a kan marke ko ƙirya. Wanda dare ya yi masa kuma, sai ya yada zango.

Masu kwana a daji suna da yawa. Ga fatake da jakunansu, madugu yana shugabanta, jagaba yana wucewa gaba don ya zaɓi masauki tun rana ba ta faɗi ba. Ga Fulani da shanunsu. Ga maharba da rani, ga masunta a bakin gulbi, ga 'yan cin rani da suke tafiya a ƙasa, daga su sai tabarma da goran ruwa da ɗan ƙunshin gari.

Ka'idar da ba a rubuta ba

Ko da yake kwanan kyauta ne, ba a yinsa da ka. Abu na fari shi ne gaisuwa. Arɗo ba ya sauke garke sai ya je wurin maigari ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, mun zo da bisashe, muna neman inda za mu sauka." Maigari kuwa yakan ce, "Maraba da Arɗo. Ku sauka bayan dutse, amma ku bi labi, don ba a kwashe dawa ba tukuna." Da wannan 'yar magana baƙo ya zama sananne. In an yi ɓarna an san wanda za a nema, in kuma an cuce shi ya san inda zai kai kuka.

Abu na biyu shi ne zaɓen wuri. Da damina ana hawa jigawa ko gindin dutse, gama fadama ta cika da laka da sauro da ƙudaje masu cizo, ga kuma gonaki ko'ina. Da rani sai a gangara bakin gulbi, inda ɗanyar ciyawa take. Mai hankali ba ya shimfiɗa tabarma a cikin ƙorama da damina, ko da ya ga yashi fes, domin ruwan da aka yi a kan tudu can nesa yakan iso da tsakar dare ba sallama. Ba a kuma sauka daidai bakin mashaya, don kada a tare wa mutanen gari da dabbobinsu hanya, ko a ɓata musu ruwan sha.

Abu na uku shi ne wuta. Da hunturu ciyawa ta bushe, ga iska. Garwashi ɗaya da aka bari yana iya cinye kiwon wata uku, har ya kai ga rumbunan mutane. Saboda haka mai tashi daga zango yakan rufe murhunsa da ƙasa kafin ya ɗaure kaya. Bukkar ma ba ta barin tabo: rassan sabara ne ko geza mata suke tanƙwarawa su rufe da ciyawa, damina ɗaya ta ishe ta komawa ƙasa.

Da kaka kuwa, manomi da kansa yakan roƙi makiyayi ya zo ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da sauran abin da aka bari, su bar taki. Matan ruga su kawo nono da man shanu, su koma da gero. Itacen gawo, wanda yake kaɗe ganye da damina ya yi sabo da rani, yana ba shanu inuwa da 'ya'ya, su kuma suna takince gindinsa. Kowa ya ci, ba wanda ya yi asara.

Can ma haka suke yi

Kada mai karatu ya ɗauka wannan al'adar ƙauye ce da zamani ya wuce. A yammacin Amurka, cikin manyan duwatsu irin na jihar Kolorado, gwamnatin tarayya tana riƙe da daji mai faɗin gaske a madadin jama'a. Hukuma ɗaya kaɗai, wadda aka kafa a 1946, tana kula da eka wajen miliyan 245. A yawancin wuraren nan iyali suna iya zuwa da tanti su kafa, ba kuɗi, ba famfo, ba makewayi, ba mai gadi. Amma dubi sharuɗɗan: galibi kada a wuce kwana 14 a wuri ɗaya, a nisanci bakin ruwa da kamar ƙafa 200, a kwashe shara a tafi da ita, in an hana hura wuta saboda fari kada a hura. Ashe abin da maigari da Arɗo suka sani da ka, shi ne waɗancan suka rubuta a takarda. Su suna fita don hutu, namu kuwa don abinci suke fita. Wannan ya sa asarar dajin ta fi yi mana ciwo.

Yadda dajin ya tsuke

Hukuma ta yi ƙoƙarin tsare irin wannan fili. Tun zamanin Turawa an keɓe gandun daji. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 1978 kuma dokar mallakar ƙasa ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana domin jama'a, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili har kadada 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Sai dai doka a takarda daban, turaku a ƙasa daban. Mutane sun yi yawa, garmar shanu da tarakta sun sa mutum ɗaya yana iya nome abin da dā sai gayya. Takin zamani ya sa manomi ya rage neman takin shanu. Farin 1973 da na 1984 sun koro garkuna daga arewa. Kaɗan-kaɗan gona ta ci labi, ta ci hurumi, ta ci bakin mashaya. A waɗansu wurare masu hali ne suka sami yankin daji suka share.

Sa'an nan ga madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka datse Gulbin Sakkwato da ita a ƙasar Maradun. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta daga 1974 zuwa 1978. Tafkin ya rufe wajen kadada 8,000, aka kuma shata wajen kadada 23,000 don noman rani ta wajen Mafara da Bakura. Wanda ya ga shinkafa kore shar a tsakiyar bazara ya san aikin ya kawo amfani. Amma ya zo da nasa kukan. An tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu. Rigimar diyya ta yi tsanani, manoma suka tare hanyoyi, har a watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka. Gwamnati ta faɗi nata adadin, mutanen wurin suka ce ya fi haka nesa. A ƙasan madatsar kuma ambaliyar da takan shayar da fadama kowace shekara ta ragu. Fadamar nan kuwa ita ce mafakar shanu da rani. Wani sashe ruwa ya cinye, wani ya zama fegin noman rani, wani ya bushe.

Sa'ad da daji ya zama abin tsoro

Tsoron daji ba yau aka fara shi a wannan ƙasa ba. A 1853 Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta dajin Gundumi, arewa da wannan yanki, a hanyarsa daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ayarinsu ya yi tafiyar yini da dare bai yada zango ba, don tsoron mahara. Daga baya zaman lafiya ya zo, har mutum ɗaya da sandarsa yakan ratsa irin wannan daji. Wato ba itatuwa ne suke sa daji ya buɗe ko ya rufe ba, halin mutane ne.

Daga wajen 2011 satar shanu ta yi ƙamari a Zamfara. 'Yan sa-kai suka tashi, ramuwa ta bi ramuwa, har dazuzzuka irin su Sububu da Bayan Ruwa suka zama maɓoyar 'yan bindiga. Shekarar 2021 ta taɓa garuruwan nan uku duka. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun. Bayan haka gwamnati ta sa aka katse wayar hannu, aka rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Wahalar ba ta zaɓi kabila ba. Manomi ya bar gonarsa ta nesa, makiyayi na kirki ya rasa garkensa, ya kuma rasa amincin maƙwabcinsa. Gaskiyar masu iya magana, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Don haka muna gargaɗi a fili: kada kowa ya karanta wannan ya ɗauki tabarma ya nufi duwatsun Maradun. Wanda tafiya ta kama shi zuwa yankin, ya tashi da rana, ya bi babbar hanya, ya tambayi direbobin tasha labarin hanya a ranar, ya kwana cikin gari wurin wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya rage a hannunmu

Iyaye, yaran da aka haifa cikin shekarun nan ba su san daɗin kwana a fili ba, da hirar bakin wuta, da kallon taurari ba fargaba. In ba mu faɗa musu ba, za su girma suna zaton daji wurin mugaye ne tun asali. Ku zaunar da su wurin kakanninsu su ji yadda ake zaɓen zango. Ku koya musu sunayen itatuwa, ko da na bayan gida ne. Wanda gonarsa take bakin labi, kada ya ƙara kunya ɗaya a ciki, ko da ya ga maƙwabci ya yi. Wanda yake da murya a wurin maigari ko a majalisar ƙaramar hukuma, ya yi magana a bar hurumi da mashaya yadda suke. Baƙon da ya zo da sallama kuma, a amsa masa da fuska, a san sunansa da inda ya fito, gama da haka ne dā ake gane mai gaskiya da ɓarawo.

Bindiga za ta yi shiru wata rana. In ta yi, a tarar da sauran fili wanda ba na kowa ba, inda talaka zai kai akuyarsa, matafiyi kuma ya sauke kayansa. Allah ya ba Mafara da Bakura da Maradun lafiya, ya nuna wa 'ya'yanmu wannan rana.