Taimin da Zafin Inji

Ganin ana wuce ƙaramar motarsa ta rimot a miƙaƙƙen layin tsere, matashin ya shiga saitin na'urar sarrafa gudu, ya ƙara taimin da digiri 10 a tashi ɗaya. Ƙarin taimin yana sa a kunna wa inji wuta da wuri a kowane juyi. Gudu ya ƙaru, zafi ma haka. Motar ta yi minti 3 ba mai kamo ta. Kafin minti 5 na tseren su cika, ƙarfinta ya zube, injin kuwa ba ya taɓuwa. Maganaɗisun da ya sha irin wannan zafi ba ya farfaɗowa. Sabon injin da ya saya, digiri 2 yake ƙara masa, ya zagaya fili, ya auna zafi, ya rubuta.